Yadda Alabama ta ƙwace ƙuri'ar baƙar fata ba tare da ambaton launi ba, da yadda aka ƙwato ta

"Assalamu alaikum Malam. Na karanta cewa tun 1870 tsarin mulkin Amurka ya haramta a hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa. Amma duk lokacin da ake maganar Martin Luther King sai a ce a 1965 ne baƙaƙen fata suka samu 'yancin zaɓe a jihohi irin su Alabama. Wanne ne gaskiya? In har doka ta ba su, ta yaya jiha guda za ta yi shekaru tana take ta ba a hana ta ba? Kuma me ya kawo ƙarshen abin, zanga-zanga ce ko kotu?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun gaskiya ne. Gyara na 15 da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1870 ya ce ba za a hana ɗan ƙasa ƙuri'a saboda launinsa ko don ya taɓa zama bawa ba. Bai ce kowa na da ƙuri'a ba, kuma bai karɓe rajistar masu zaɓe daga hannun jihohi ba. A wannan ɗan tsakanin Alabama ta yi gininta. Tambayarka ke nan ta kasu uku: da waɗanne kayan aiki aka toshe ƙuri'ar, me ya sa kotu ta daɗe ba ta buɗe ba, sannan me ya buɗe ta. Idan ina koyar da wannan tarihi nakan ce wa ɗalibai su fara da ofishin rajista kafin su je kan hotunan karnuka da bututun ruwa da aka sakar wa masu zanga-zanga, domin duk sauran abubuwan a kan wannan ofishi suke rataye.

Kafin 1901

A ƙidayar 1860 akwai bayi kimanin 435,000 a Alabama, wajen kashi 45 cikin ɗari na mutanen jihar. Mafi yawansu suna yankin tsakiya da ake kira Black Belt, sunan da ya samo asali daga baƙar ƙasar wurin mai kyan auduga. Montgomery, babban birnin jihar, shi ne hedikwatar farko ta jihohin da suka ɓalle a 1861. Da aka gama yaƙin basasa a 1865 aka soke bauta, daga 1867 kuma maza baƙaƙen fata suka fara zaɓe ƙarƙashin kulawar sojojin tarayya. Sun yi zaɓen sosai, har Alabama ta tura baƙaƙen fata uku majalisar wakilai ta tarayya: Benjamin Turner na Selma, James Rapier da Jeremiah Haralson. A 1874 jam'iyyar Democrat, wadda a lokacin ita ce jam'iyyar masu manyan gonaki na kudu, ta ƙwace mulkin jihar da barazana da bindiga. A garin Eufaula an buɗe wa masu zaɓe wuta ranar zaɓen, an kashe mutane.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne daga 1874 zuwa 1900 galibi ba a cire sunayen baƙar fata daga rajista ba, ƙuri'arsu ake sacewa. A gundumomin Black Belt masu gonaki su ke riƙe da akwatuna, sai su ƙirga ƙuri'un baƙaƙen fata, har da na matattu da waɗanda ba su fito ba, a matsayin na jam'iyyarsu. Da wannan ne aka kayar da Reuben Kolb a takarar gwamna a 1892 da 1894, lokacin da talakawan manoma farare na arewacin jihar suka fara haɗa kai da wasu baƙaƙen fata. Wannan haɗin kai ne ya firgita manya. Maguɗi kowane zaɓe yana da tsada da haɗari, sai suka nemi hanyar da za a yi shi sau ɗaya a rubuce a huta. Mississippi ta riga ta nuna hanya a 1890, Kotun Ƙoli kuma ta amince da tsarinta a 1898.

Sassan injin

Taron rubuta sabon tsarin mulkin jiha ya zauna a Montgomery a 1901 da wakilai 155, dukkansu farare. Shugaban taron, John Knox, ya faɗa a jawabin buɗewa cewa abin da ya tara su shi ne kafa fifikon farar fata a jihar iya abin da tsarin mulkin tarayya zai bari. Amma a sashen zaɓe da suka rubuta babu kalmar baƙi ko fari ko sau ɗaya.

Na farko harajin ƙuri'a, dala ɗaya da rabi a shekara a kan namiji daga shekara 21 zuwa 45. Kada ka kwatanta shi da harajin da dagaci ko mai unguwa ke bi gida-gida. Wannan ba wanda zai zo karɓa, ba a kuma hukunta wanda bai biya ba, kai za ka kai da ƙafarka tsakanin farkon Oktoba da 1 ga Fabrairu, watanni kafin a fara batun zaɓe, sannan ka adana rasit. Kuma yana taruwa. Wanda ya kai shekara 45 bai taɓa biya ba sai ya ajiye dala 36 a dunƙule. Ga manomin kashe-mu-raba, wanda ke cin bashi a kantin mai gona duk damina ya biya da kaka, wanda sau da yawa ba ya ganin tsabar kuɗi ko bayan an sayar da auduga, dala 36 daidai take da a ce masa kada ya zo.

Na biyu sharaɗin zama: shekara biyu a jiha, shekara ɗaya a gunduma, wata uku a mazaɓa. Manomin haya yakan sauya gona bayan girbi, don haka kullum sabo ne a inda yake. Na uku, sai mutum ya iya karanta da rubuta wani sashe na tsarin mulkin Amurka da Turanci, ko kuma ya mallaki eka 40 ko kadarar dala 300 da ake biya wa haraji. Na huɗu, dogon jerin laifukan da ke soke ƙuri'a har abada, ciki har da yawon banza da duk laifin da aka kira na rashin ɗa'a, ba tare da an fayyace ma'anarsa ba. An zaɓi laifukan ne da tunanin waɗanda aka fi kama baƙaƙen fata da su, kuma Kotun Ƙoli da kanta ta tabbatar da wannan niyya a 1985 lokacin da ta soke sashen a shari'ar Hunter da Underwood.

To ina fararen da ba su iya karatu ba? An buɗe musu taga ta ɗan lokaci har zuwa ƙarshen 1902. Wanda ya yi yaƙi, ko ɗa ko jikan wanda ya yi yaƙi, har da sojan 'yan aware, ko kuma mai "halin kirki" da ya fahimci nauyin ɗan ƙasa, zai yi rajista ta din-din-din ba jarrabawa. Wa ke tantance halin kirki? Kwamitin mutum uku a kowace gunduma, waɗanda gwamna da wasu jami'an jiha biyu ke naɗawa. Wannan kwamiti shi ne zuciyar injin. Sauran sharuɗɗan sanduna ne kawai da aka miƙa masa, shi ke zaɓar wanda zai buga wa.

An amince da kundin a ƙuri'ar raba gardama a Nuwamban 1901, kuma rinjayen daga Black Belt ya fito, inda sakamako ya nuna wai baƙaƙen fata sun yi tururuwa sun zaɓi a ƙwace musu ƙuri'a. A 1900 baƙaƙen fata sama da 180,000 ke da damar zaɓe a Alabama. A farkon 1903 waɗanda ke cikin rajista kimanin 3,000 ne. Harajin bai bar talakan fari ba shi ma: zuwa wajajen 1940 masana tarihin jihar sun lissafa cewa fararen da suka faɗi daga rajista sun fi baƙaƙen yawa a adadi. Ga manyan da suka tsorata da Kolb, wannan riba ce.

Abin da ke rataye da ƙuri'a

A Alabama zaɓe ake yi wa babban ɗan sandan gunduma, da alƙali, da mai gabatar da ƙara, da hukumar makarantu. Masu zaman yanke hukunci da ake kira juri su ma daga cikin farare kaɗai ake ɗibarsu. Wanda ba shi da ƙuri'a ba shi da abin da zai tsorata waɗannan mutane da shi. Shi ya sa dokokin wariya da ake kira Jim Crow suka yi ta yaɗuwa ba mai taka musu birki, musamman bayan Kotun Ƙoli ta halatta "a raba amma a daidaita" a shari'ar Plessy ta 1896. Dokar birnin Birmingham ta hana gidan abinci ciyar da farare da baƙaƙe a ɗaki guda sai da katanga mai tsayin ƙafa bakwai da ƙofa daban-daban, ta kuma hana su buga karta ko dara tare.

Makaranta ta fi nuna yadda kuɗi ke tafiya. Jiha tana ba gunduma kuɗi gwargwadon yawan yara duka, amma dokar 1891 ta bar wa jami'an gunduma su raba yadda suka ga ya dace. A gundumar da yara baƙaƙe suka ninka farare, kuɗin da aka karɓo da sunansu makarantar farare yake tafiya. Makarantun Rosenwald, da aka fara da guda shida kusa da Tuskegee bisa haɗin gwiwar Booker T. Washington, shugaban kwalejin baƙaƙen fata ta garin, da attajiri Julius Rosenwald, sun cike wani gurbi, amma da sharaɗin al'umma ta kawo nata kason na kuɗi ko fili ko aikin gayya, wato mutane sun biya haraji sannan sun sake biya.

Sai kuma hayar fursunoni. A kama mutum da laifin yawon banza, a ci shi tara da kuɗin kotu, ya kasa biya, gunduma ta ba da hayarsa ga kamfanin kwal. A fashewar mahaƙar Banner a 1911 mutum 128 suka mutu, kusan duk fursunoni baƙaƙen fata. Alabama ce jihar ƙarshe da ta daina wannan, a 1928.

Me ya sa kotu ta daɗe

An kai ƙara tun da wuri. Jackson Giles, ma'aikacin gidan waya a Montgomery, ya shigar da ƙara a madadin dubban baƙaƙen fata, Booker T. Washington kuma yana biyan lauya a ɓoye. A 1903 Kotun Ƙoli ta ƙi. Alƙali Oliver Wendell Holmes ya ce in tsarin duka na zamba ne kamar yadda Giles ya faɗa, to kotu ba za ta saka sunansa cikin rajistar zamba ba, kuma in dai mafi yawan farare sun ƙudurta hana baƙaƙe zaɓe, takarda daga kotu ba za ta hana su ba, sai dai a nemi magani a siyasa. Ka ga an tura wanda aka hana ƙuri'a ya je ya nemi haƙƙinsa da ƙuri'a.

Ko da kotu ta fara sauya hali, sai aka shiga wasan toshe rami a haƙa wani. Tun 1902 zaɓen fidda gwani na Democrat na farare ne zalla, kuma a jihar jam'iyya ɗaya shi ne zaɓen gaske. Kotun Ƙoli ta soke irinsa a 1944 a wata shari'a daga Texas. Alabama ta amsa a 1946 da gyaran Boswell, wanda ya ce sai mai neman rajista ya "fahimta ya kuma bayyana" kowane sashe na tsarin mulki har jami'i ya gamsu. Kotun tarayya ta soke shi a 1949. A 1951 aka kawo doguwar takardar tambayoyi, inda kuskuren kwanan wata ko layin da aka tsallake ya isa a yi watsi da mutum, ba kuma lallai a gaya masa dalili ba. A wasu gundumomi sai wanda ke da rajista ya tsaya maka shaida. A Lowndes da Wilcox, inda baƙaƙe suka fi yawa nesa ba kusa ba amma babu ko ɗaya a rajista har farkon 1965, wa zai tsaya maka?

Tuskegee ta fi ba da mamaki. Malaman kwalejin garin da ma'aikatan asibitin tsoffin sojoji albashinsu ba a hannun masu gonaki yake ba, kuma ba jarrabawar da za ta kayar da su. Sai 'yan kwamitin rajista suka riƙa yin murabus ko ɓuya, a yi watanni ba kwamiti. Da masu rajista suka kai wajen 400 duk da haka, majalisar jiha a 1957 ta sake zana iyakar garin daga murabba'i zuwa wata siffa mai gefe 28, ta fitar da dukkansu ban da huɗu ko biyar, ba ta fitar da fari ko ɗaya ba. Charles Gomillion da lauya Fred Gray suka kai ƙara, suka ci a 1960. Shekara uku a kan gari ɗaya. A 1956 kuma jihar ta sa kotu ta dakatar da NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, aka ci ta tarar dala 100,000 don ta ƙi miƙa sunayen mambobinta, ba ta dawo aiki a Alabama ba sai 1964.

Kar a manta da abin da ba a rubuta ba. Wanda ya je layin rajista mai gidansa zai ji kafin yamma. A kore shi daga aiki ko daga gona, banki ya nemi bashinsa, kanti ya daina ba shi kaya. A Selma a 1955, cikin iyaye 29 da suka sa hannu a takardar neman a haɗe makarantu, fiye da rabi sun rasa aikinsu cikin 'yan makonni.

Montgomery, Birmingham, Selma

Ƙaurace wa motocin bas a Montgomery ya cancanci a dube shi ta fuskar aiki, don a nan ake ganin amsar tambayarka ta uku. An kama Rosa Parks ranar 1 ga Disamban 1955 don ta ƙi tashi ta ba wani fari kujera a bas. A daren Jo Ann Robinson ta ƙungiyar mata ta buga dubun-dubatar takardun kiran a ƙaurace wa bas, ranar 5 ga wata motoci suka fita kusan wayam, domin wajen kashi uku cikin huɗu na fasinjoji baƙaƙe ne. Buƙatun farko ma ba su nemi a soke wariya ba: a yi musu ladabi, baƙaƙe su cika daga baya farare daga gaba ba tare da an tayar da kowa ba, a ɗauki direbobi baƙaƙe a layukan unguwanninsu. Hukuma ta ƙi.

Matsalar gaske ita ce yadda dubban mutane za su kai wurin aiki kullum. Da farko masu tasi baƙaƙe suka riƙa ɗauka a santi 10, kuɗin bas. Hukuma ta tuna da dokar da ta ce mafi ƙarancin kuɗin tasi santi 45 ne. Sai aka shirya motocin sa-kai wajen 300 da tashoshin ɗauka gommai, coci-coci suka sayi motoci, ana tara kuɗin mai a taron dare sau biyu a mako, mata irin su Georgia Gilmore suna sayar da abinci suna kawo ribar. 'Yan sanda suka koma rubuta wa direbobi tara a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Aka soke inshorar motocin, sai da aka samo wata ta hannun Lloyd's na Landan. Aka jefa bam gidan King ranar 30 ga Janairun 1956. Aka gurfanar da mutum kusan 90 da wata dokar 1921 ta hana ƙauracewa.

Duk da haka hukumar birni ba ta taɓa sallamawa ba. Fred Gray ya shigar da ƙara a kotun tarayya da sunan mata huɗu, ciki har da Aurelia Browder da Claudette Colvin, ya bar shari'ar Parks a gefe da gangan saboda tana kotunan jiha inda za a iya jan ta shekaru. Ranar 13 ga Nuwamban 1956, King yana zaune a kotun jiha inda birni ke neman a haramta motocin sa-kai, kuma aka haramta, labari ya iso cewa Kotun Ƙoli ta soke wariya a bas. Umarnin ya iso ranar 20 ga Disamba, bayan kwana 381. Da hukuncin ya yi jinkirin wata uku, da wuya a ce ga yadda za ta kaya. Da kuma ba a yi ƙauracewar ba, da hukuncin zai iya zama kamar na soke wariya a makarantu na 1954, wanda har shekara tara bayansa babu yaro baƙi ko ɗaya da ke aji ɗaya da fari a makarantun gwamnati na Alabama.

Birmingham a 1963 ta nufi aljihun 'yan kasuwa da idon duniya. Fasto Fred Shuttlesworth, jagoran gwagwarmaya a birnin, ya yi shekara bakwai yana share fage. Da manya suka ja baya saboda tsoron rasa aiki, aka fito da 'yan makaranta ranar 2 ga Mayu, gidajen yari suka cika, washegari kwamishina Bull Connor ya saki karnuka da ruwan kashe gobara. 'Yan kasuwa suka sa hannu a yarjejeniya ranar 10 ga Mayu. A Satumba aka tayar da bam a cocin titi na 16, 'yan mata huɗu suka mutu, ba a hukunta kowa ba sai 1977. Dokar 'yancin jama'a ta 2 ga Yulin 1964 ta hana wariya a otal da gidan abinci da wurin aiki, ta kuma ba gwamnatin tarayya damar janye kuɗi daga makarantar da ta ƙi bi. Amma ba ta karɓe rajista daga kwamitin mutum uku ba.

Shi ya sa aka nufi Selma. A gundumar Dallas baƙaƙen da suka isa zaɓe sun kai 15,000, masu rajista 'yan ɗaruruwa ne, wajen kashi biyu cikin ɗari. Ofishin yana buɗewa kwana biyu a wata. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta shigar da ƙara tun 1961, shekara huɗu ba abin a zo a gani. Amelia Boynton da ƙungiyar masu zaɓe ta gundumar suka gayyato King. Kisan Jimmie Lee Jackson a Marion a Fabrairun 1965 ya haifar da tattakin 7 ga Maris, inda 'yan sandan jiha da mutanen Jim Clark, babban ɗan sandan gundumar, suka far wa mutum wajen 600 a gadar Edmund Pettus, aka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, kai, talabijin ya nuna a daren. Alƙalin tarayya Frank Johnson ya ba da izinin tattaki, aka taka kilomita 87 zuwa Montgomery daga 21 zuwa 25 ga Maris, Shugaban ƙasa Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe ranar 6 ga Agusta.

Abin da dokar 1965 ta yi daban

Ba ta ƙara wani haƙƙi a kan na 1870 ba. Abu uku ta yi. Ta kafa ma'auni: duk jihar da ke da jarrabawa ko makamancinta a ranar 1 ga Nuwamban 1964, kuma ƙasa da rabin waɗanda suka isa zaɓe suka yi rajista ko suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa na shekarar, jarrabawarta ta tsaya nan take ba sai an je kotu ba. Ta ba tarayya ikon turo jami'anta su rubuta sunaye da kansu, suka kuma sauka a Dallas da Lowndes cikin kwanaki. Na uku, wanda a ganina shi ne mafi nauyi, ta hana irin waɗannan jihohi sauya komai a harkar zaɓe, ko wurin akwati ne, sai sun sami amincewar ma'aikatar shari'a ko kotun tarayya a Washington tukuna. A da mai ƙara ne zai kashe shekaru yana tabbatar da zalunci yayin da dokar ke aiki a kansa. Bayan dokar 1965 sai ya zama jiha ce za ta jira ta tabbatar da cewa sabuwar dabararta ba ta cutar da kowa. Rajistar baƙaƙen fata a Alabama ta tashi daga kashi 19 cikin ɗari a farkon 1965 zuwa kusan 52 a 1967. Harajin ƙuri'a ya faɗi a kotu a 1966, a shekarar kuma Jim Clark ya faɗi zaɓe.

Don haka in ka tilasta mini in zaɓa tsakanin zanga-zanga da kotu, zan ce kotu ita kaɗai an gwada ta shekara sittin ba ta isa ba, zanga-zanga kuma ba ta sa gwamnatin jihar Alabama ta sauya dokar zaɓe da kanta ba. Abin da ta yi shi ne ta sa zaman shiru ya fi wa gwamnatin tarayya tsada a kan shiga tsakani, a lokacin da Amurka ke zawarcin sababbin ƙasashen Afirka tana gasa da Tarayyar Sobiyet, kuma baƙaƙen da suka yi ƙaura zuwa Chicago da Detroit sun zama masu ƙuri'ar da jam'iyyu ke lissafi da su. Masana sun sha bamban a kan nauyin kowane ɗaya daga cikin waɗannan, wannan rabon nawa hukunci ne. Kuma Alabama kaɗai na yi wa bayani, tsarin Louisiana ko Virginia yana da nasa sassan.

Tsugune ba ta ƙare ba

Manoman da suka yi rajista a Lowndes an kore su daga gonaki, wasu suka yi zaman tanti a gefen hanya. Garuruwa da yawa suka koma zaɓen kansiloli na gari baki ɗaya a maimakon unguwa-unguwa, yadda rinjayen farare zai cinye kujeru duka. Sai da majalisar tarayya ta gyara dokar a 1982, ta ce a duba sakamako ba sai an tabbatar da niyya ba, kafin aka wargaza wannan. Fred Gray da Thomas Reed sun shiga majalisar jiha a 1970, Richard Arrington ya zama baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Birmingham a 1979, amma Selma sai 2000, Montgomery sai 2019. Da kotu ta tilasta haɗe makarantu a faɗin jihar daga 1967, iyaye farare a Black Belt suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, aka bar na gwamnati kusan baƙaƙe zalla, ga kuma ƙaramin harajin filaye da kundin 1901 ya ɗaure don kare manyan gonaki, wanda da shi ake ciyar da makarantun. Dokar zaɓe ba ta shafi mallakar filaye ba.

Rubutun ma ya daɗe. Haramcin aure tsakanin fari da baƙi ya mutu a kotu tun 1967, amma sai 2000 aka goge shi daga kundin jihar, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari suka ce a bar shi. Sashen raba makarantu ya tsallake ƙuri'a biyu, a 2004 da 2012, sai a 2022 aka cire. A 2013, a ƙarar da wata gundumar Alabama, Shelby, ta shigar, Kotun Ƙoli ta soke ma'aunin nan na 1965 da ƙuri'a biyar da huɗu, wanda ya dakatar da sharaɗin neman izini kafin sauyi. Bayan shekara goma, a shari'ar Allen da Milligan, kotun ta ce taswirar da ta ba baƙaƙen fata, waɗanda su ne kashi 27 cikin ɗari na jihar, mazaɓa ɗaya cikin bakwai na majalisar wakilai ta tarayya ta saɓa wa dokar. Majalisar jiha ta ƙi zana ta biyu, kotun tarayya ta sa aka zana, kuma a zaɓen 2024 Shomari Figures ya ci kujerar, wadda ta haɗa Montgomery da Tuskegee da wani ɓangare na Mobile.